Tagwaye ko ma'aurata? Neman suna ga taurarin nan masu hasken gamma

1/ Jama'a, ina neman agajinku. Ina haɗa wa ɗalibaina na ajin ƙarshe a sakandare, nan Jos, ɗan bayani da Hausa kan abin da Bature ke kira gamma-ray binary, sai suna ya cije. Kwana uku ina juya shi. Ga inda na tsaya, wanda ya fi ni kunnen Hausa ya gyara.

2/ Bari in fara nuna abin. Taurari ne guda biyu masu zagaya juna. Ɗaya ƙato ne mai tsananin zafi, ya ninka rana nauyi sau goma ko fiye. Ɗayan kuma ragowar tauraron da ya fashe ne, ya dunƙule. A ɗaya daga cikin irinsu, mai suna PSR B1259-63, wannan ƙaramin faɗinsa bai wuce kamar kilomita 20 ba, amma ya fi rana nauyi, yana juyawa kusan sau 21 a daƙiƙa guda. Shekara 3.4 yake ɗauka kafin ya kewayo. In ya matso kusa, sai ya ratsa faifan iskar gas da ƙaton ke fesowa, iskar da ƙaramin ke fesowa ta yi karo da ta ƙaton, ƙwayoyin lantarki su samu gudu na fitar hankali, su bangaji hasken ƙaton, su mai da shi gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani. A 2004 na'urorin hangen sararin samaniya na H.E.S.S. da ke Namibiya suka kama wannan hasken nasa.

3/ Da farko "tagwayen taurari" na rubuta, don shi ya fara zuwa baki. Yana da hujja, tunda tare aka haife su a gajimaren gas ɗaya.

4/ Shekaranjiya da daddare, a teburin mai shayi a Bauchi Road, sanyi na kaɗawa, na karanta wa wani dattijo, tsohon malamin Hausa. Ya ajiye kofinsa, ya ce, "Ɗana, kai da bakinka ka ce ɗaya ƙato ne, ɗaya ɗan mitsitsi. Ina tagwaitakar?" Na ce, "Baba, ai muna cewa tagwayen hanya." Ya ce, "Hanyoyin kai ɗaya suke, kuma kowace harkar gabanta take yi. Waɗannan naka zaman tare suke, su matso su yi faɗa, su ja baya. Wannan ai aure ne." Ya ɗauko cokali yana kewaya kofin da shi, nesa, nesa, sai ya kawo shi dab da baki ya ƙwanƙwasa.

Ya yi gaskiya. Bahaushe ya daɗe da ɗaura aure a sama, shi ya ce Zara matar wata. A kasuwa ma da aure ake sayen tattabaru, aure ɗaya, aure biyu. "Ma'auratan taurari" ya ɗauki abin da ya fi muhimmanci: babu ɗayansu da ke ba da wannan hasken shi kaɗai, sai sun haɗu. Kuma kowane aure da nasa zaman, ga wasu biyu irinsu: LS 5039 kwana 3.9 kacal yake kewayowa, LS I +61 303 kwana 26.5.

5/ Sai gamma. A bar shi yadda yake. Harafi na uku ne a baƙaƙen Girka, masanin kimiyya Ernest Rutherford ya raɗa wa hasken sunan a 1903 bayan alfa da beta, shekara uku da Paul Villard ya gano hasken a Faransa. Sharaɗina ɗaya, a rubuta m biyu, a danna ta kamar a gammo da sammako. Wata ɗalibata ta rubuta "hasken gama" a allo, na kusa da ita ya tambaya ko hasken tashin duniya ake nufi.

6/ Inda aka fi ja da ni shi ne "haske". An ce haske abin gani ne, wannan kuwa ido ba ya ganinsa. Wani ya kawo tartsatsi, wani tururi, irin na labaran nukiliya. Tartsatsi nan take yake mutuwa a gefen murhu, wannan kuwa shekaru dubbai yake tafe. Tururi kuma abu ne mai jiki, ya cika ɗaki. Gamma ɗan gida ɗaya ne da hasken rana, gudunsu ɗaya, ƙarfi ne ya raba su, irin wanda H.E.S.S. ke kamawa ya ninka na ido sau ɗaruruwan biliyoyi. Ina so yaro ya ji dangantakar nan tun daga sunan, shi ya sa na ƙi sakin haske.

7/ Abin da zan rubuta a allo ranar Litinin: ma'auratan taurari masu hasken gamma. A watan Afrilu kuma, in sama ta washe, zan nuna musu wajen da PSR B1259-63 yake, can kudu ƙasa-ƙasa, kusa da taurari huɗun nan masu siffar gicciye. Sunan ya yi tsawo ga mai karanta labarai a rediyo, don haka ina tunanin a taƙaice a ce "ma'auratan gamma". Ma'aikatan gidajen rediyo, ya zauna muku a baki?