Dokar Hayaƙin Mota: Abin da Muka Gani a Kaduna

Mai buɗe zance, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun 2011 hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojin da suka iyakance hayaƙin da injin fetur da na dizal zai fitar, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince cewa motocin da ake shigowa da su su cika mizanin Euro 4, wato ma'aunin Turai na iyakar hayaƙin da mota za ta fitar, man da suke sha kuma kada sinadarin salfa a cikinsa ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Ina roƙon duk wanda dokar nan ko hayaƙin nan ya shafa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Bakanike, Panteka:
Wa alaikumus salam, Malam. A wurinmu maganar tana ƙarewa ne a kan indomi, wato tukunyar da ke jikin salansa, wadda cikinta yake kamar saƙar zuma, kuma ita ce ke mayar da iska mai guba irin kabon monoksaid zuwa mai sauƙin illa kafin ta fita. Saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su falatinam, akwai masu saye da kuɗi mai kauri, shi ya sa wasu ke cire ta ba da sanin mai mota ba. Wani kuma da kansa zai ce a fasa a zubar don ta toshe, motar ba ta ja. Da an tayar da motar da aka yi wa haka a cikin rumfa, idona ne ke fara yaji, kuma yaran da nake koya wa aiki su ne ke durƙushe a bakin salansar. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Direban bas, Kawo zuwa Sabon Tasha:
Maigida ya faɗi gaskiya. Ni a hanya an duba mini takardu da taya da fitila da abin kashe gobara, amma ba a taɓa sa na'ura a salansata ba. Na san shuɗin hayaƙin da motata ke yi alama ce ta shan baƙin mai, ringin cikin inji ya ci, sai dai tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 abin da nake samu ba ya isa a sauke inji.

Mai shagon kayan masarufi, bakin titin Nnamdi Azikiwe:
Malam direba, Allah ya hore maka, amma mu ne ke shaƙa. Idan tirela mai kaya ta taka wuta, baƙin hayaƙi har cikin shago yake shiga, kuma kafin la'asar sai na sa tsumma na goge baƙin da ya kwanta a kan gwangwanayen madara. Ƙaramin ɗana yana da asma, dole na daina zuwa da shi.

Dillalin mota, Mando:
Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Tun 2005 Turai ta fara aiki da Euro 4, saboda haka yawancin motocin da muke ɗaukowa daga Kwatano an ƙera su ne a kan wannan mizani ko wanda ya fi shi. A nan suke lalacewa, domin mai mai yawan salfa yana rage ƙarfin indomi, sauran kuma a cire a gareji. Yanzu duk motar da zan sayar sai na sa an ɗaga ta, mai saye ya leƙa ya ga tukunyarsa tana nan kafin ya biya.