Me za mu kira herd immunity da Hausa?

Ma'aikacin lafiya a matakin farko: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai a kan ƙyanda, an zo kan herd immunity an cije. Wani ya rubuta "garkuwar garke". Ina neman ra'ayinku.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, a cire garke tun da wuri. Ka tara iyaye a ƙofar mai unguwa ka kira su garke, taron ya watse ke nan. Amma Dakta ta fara faɗa mana ainihin abin, kada mu raɗa suna jariri bai faɗo ba.

Likitar yara: To, Malam. Cuta mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum tana rayuwa ne muddin kowane mai ita yana harbar aƙalla mutum ɗaya. In akasarin mutanen gari suna da garkuwar jiki, ta allura ko ta warkewa, sai ƙwayar cutar ta rasa inda za ta sauka, yaɗuwar ta tsinke. Wanda ba shi da garkuwa ma ya tsira albarkacin saura: jaririn da bai kai wata 9 ba, da mai shan maganin daji, da mai juna biyu da ba a yi mata allurar ƙyanda.

Yawan da ake buƙata ya danganta da zafin cutar. Mai ƙyanda ɗaya kan harbi mutum 12 zuwa 18 a inda babu mai garkuwa. A raba 1 da 18, a ɗebe daga 1, a sami kusan kashi 95 cikin 100. Shan inna kuwa wajen kashi 80 ya wadatar. Inda ake tafka kuskure shi ne ɗaukar yawan allura a matsayin yawan garkuwa. Allurar ƙyanda ta wata 9 tana kama kimanin yara 85 ne cikin 100, shi ya sa ake ƙara ta biyu a wata 15. Ga kuma maganin da ya fita daga sanyin digiri 2 zuwa 8, ko aka haɗa shi ya wuce awa 6. An rubuta a kati, amma jikin yaron bai samu komai ba.

Mai haɗa magunguna: Ni "rigakafin gama-gari" na saba ji.

Likitar yara: Wannan sunan kamfen ne, Alhaji, aikin da ake yi. Mu sakamakon muke nema wa suna. Kuma ba kowace allura ke kawo shi ba. Sarƙewar haƙora daga ƙasa ake ɗaukarta ta rauni, ko duk gari sun yi allura, wanda bai yi ba yana nan a fili.

Malamin Hausa: To ga biyu: "garkuwar gayya" da "garkuwar al'umma". Gayya tana da daɗin ji a rediyo, sai dai tana nuna niyya, alhali wanda ya warke daga cutar ma yana cikin lissafi. Na zaɓi "garkuwar al'umma", tunda "garkuwar jiki" ta riga ta zauna a bakin mutane.

Ma'aikacin lafiya a matakin farko: Na karɓa. Kason nan na 95 fa?

Likitar yara: "Mizanin garkuwar al'umma". A rubuta cewa unguwa-unguwa ake duba shi, don alƙaluman jiha na iya yin kyau alhali wata ruga ko tsangaya ba a taɓa shiga ba.