Me ke sa ɗan wasa ya daɗe a NFL alhali ƙungiyoyi na ta sallamarsa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara bin wasan ƙwallon ƙafar Amurka ba, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai game da ’yan tsaron da ake kira lainbaka, waɗanda ke tsayawa a bayan sahun gaba na masu tsaro. Idan na duba tarihin wasu daga cikinsu, sai in ga mutum ya zaga ƙungiya biyar ko shida, wannan ta sallame shi waccan ta ɗauka, amma duk da haka ya shafe fiye da shekara goma a NFL, babbar gasar wannan wasa. Idan bai iya ba, me ya sa ake ci gaba da ɗaukarsa? Idan kuma gwani ne, me ya hana a riƙe shi? Ina roƙon masu sani su yi mini bayani, tare da misalin mutum guda idan da hali.

Malamin Zazzau:

Wa alaikumus salam, ɗan’uwa. Tarihin Lorenzo Alexander kaɗai ya isa ya amsa rabin tambayarka. An haife shi a Oakland a 1983, ya yi wasa a Jami’ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma a zaɓen sababbin ’yan wasa na 2005 babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Carolina Panthers ta ɗauke shi ta ajiye a rukunin ’yan atisaye, wato waɗanda ake horo da su a tsakiyar mako amma ba sa shiga fili ranar wasa. Ya ratsa ta Baltimore Ravens na ɗan lokaci, sannan ya isa Washington a 2006, kuma sai a 2007 ya fara buga wasan gasa.

Abin lura shi ne a lokacin ba ma lainbaka ba ne. Ƙato ne mai nauyin kilo 140 ko kusa da haka, yana tsayawa a sahun gaba na masu tsaro. A Washington duk gurbin da aka samu giɓi sai a tura shi ya toshe, wani lokaci a cikin masu tsaro, wani lokaci a cikin masu kare mai jefa ƙwallo, kuma bai ƙi ba. Da Mike Shanahan ya karɓi horar da ƙungiyar a 2010 aka sauya tsarin tsaro zuwa mutum uku a gaba da lainbaka huɗu a baya, sai Alexander ya koma lainbaka, kuma a hankali ya rage nauyinsa zuwa wajen kilo 110. Duk wanda ya san wahalar rage ƙiba zai gane cewa mutumin ya sake ginin jikinsa ne dungurungum domin kada aikinsa ya kuɓuce masa.

Daga nan ya koma Arizona Cardinals a 2013, inda rauni a ƙafa ya cinye masa kusan dukkan kakar wasa ta farko, sai Oakland Raiders a 2015, sai Buffalo Bills a 2016. Buffalo ta ɗauke shi ne a matsayin ɗan cike gurbi, amma da Shaq Lawson, matashin da suka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin ’yan wasa, ya yi aikin tiyata a kafaɗa, sai aka ba Alexander wurin. Yana da shekara 33 ya kayar da mai jefa ƙwallo na abokan hamayya sau 12 da rabi a kaka guda (ana ƙirga rabi idan mutum biyu suka haɗu wajen kayarwar), fiye da jimillar abin da ya tara a duk shekarunsa na baya. Ya ci gaba da wasa a Buffalo har ya yi ritaya bayan kakar 2019.

Uwar Gida Mai Nazari:

Malam, bayaninka ya yi kyau, amma ina jin tsoron kada mai tambaya ya ɗauka cewa haka labarin kowa yake ƙarewa. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowace tana shiga sansanin horo da mutum har 90, amma 53 kawai take riƙewa idan kaka ta fara. Sauran, in ban da ’yan kaɗan da ake mayarwa rukunin atisaye, gida suke komawa su zauna jiran kiran waya. Yawancin kwantiragin gasar kuma ba su da cikakken tabbacin biya, don haka ana iya sallamar mutum a tsakiyar kaka ya rasa ragowar albashinsa, ga iyali da ya kwaso daga wani gari, ga ’ya’ya a makaranta.

Aikin lainbaka kuwa karo ne da jiki a kusan kowane zagaye, gwiwa da kafaɗa da kai duk suna ɗaukar nauyinsa. Da yawa ba sa kaiwa kaka uku da ake buƙata kafin mutum ya cancanci fansho. Ina girmama Alexander ƙwarai, amma sai mu tuna cewa da Lawson bai yi jinya ba, da wataƙila babu mai ambaton Alexander a yau in ban da magoya bayan Washington.

Baba Na Damagaram:

Hajiya ta faɗi gaskiya game da haɗarin, sai dai ban yarda cewa sa’a ce ta riƙe shi ba, domin kafin 2016 ya riga ya shafe shekara goma sha ɗaya yana cin abinci a gasar. Abin da ya riƙe shi shi ne rukunin da ke shiga fili lokacin da ake buga ƙwallo da ƙafa, waɗanda ke sheƙawa da gudu su tare mai dawo da ita. Manyan taurari ba sa son wannan aiki saboda karon da ke cikinsa, kuma jikin lainbaka, mai haɗa nauyi da gudu, ya dace da shi sosai. A kan wannan aiki aka zaɓi Alexander zuwa wasan taurari na Pro Bowl a kakar 2012, shekara huɗu kafin sunansa ya fito a Buffalo.

Game da dalilin da ya sa ba a riƙe irinsu, ɗana, amsar tana wajen kuɗi. Gasar ta ƙayyade iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, kuma mafi ƙarancin albashin ɗan wasa yana ƙaruwa da yawan shekarunsa, saboda haka idan matashi zai iya yin kusan abin da tsoho ke yi, sau da yawa tsohon ake sallama. Sabon koci ma yakan zo da tsarinsa ya nemi mutanen da suka dace da shi. Amma da zarar wani ya ji rauni a wata ƙungiya a watan Oktoba, wanda ake nema shi ne mutumin da zai haddace tsarin tsaro cikin ’yan kwanaki, ya fito fili ranar Lahadi ba tare da ya ruɗe ba, kuma sai wanda ya zaga ƙungiyoyi ya koyi tsari iri-iri ke iya yin haka.