Neman kalmar Hausa: me za mu kira "ta'arudul masalih"?

1/ Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata kalma ce ta hana ni sakat tun makon jiya. Ƙanena likita ne a wani asibitin gwamnati a nan Jidda. 'Yan ƙungiyarsu ta likitoci suka zaɓe shi ma'aji, sai wurin aikinsa suka ba shi takarda ya cike, wadda ake bayyana "ta'arudul masalih", abin da Turawa ke kira conflict of interest. Hajiyarmu ta ga takardar ta tambaye shi ta mece ce. Ya ce, "Hajiya, ta son zuciya ce." Nan take fuskarta ta canza. "Wa ya ce kana da son zuciya? Me ka ɗaukar musu?" Mun daɗe muna ba ta haƙuri kafin ta yarda babu wanda ya tuhumi ɗanta.

2/ Gaskiyar Hajiya ce. Son zuciya zargi ne, takardar kuwa ba ta zargin kowa. Ma'aikacin gwamnati yana riƙe da amanar jama'a, tunda daga baitulmali ake biyansa. Ranar da ƙungiyar masana ta damƙa masa asusunta, ya ɗauki amana ta biyu. Duk biyun halal ne. Sai ranar da ƙungiyar ta nemi asibitin ya ɗauki nauyin taronta, ko kamfanin maganin da ke tallafa mata ya shigo neman kwangila, kuma shi yana cikin masu sa hannu. Bai ci ko riyal ɗaya ba, amma da wace hula yake zaune a kujerar?

3/ A Amurka an daɗe ana wannan ja-in-ja. Dokarsu tana ɗaukar maslahar kuɗi ta ƙungiyar da mutum ke riƙe wa muƙami tamkar tasa ce. A 1996 ma'aikatar shari'arsu ta fassara dokar yadda ta toshe wa ma'aikata hanyar zama a kwamitin gudanarwar irin waɗannan ƙungiyoyi da sunan aiki, sai da izini na musamman. Masana kimiyya suka yi ta kuka cewa ana raba su da takwarorinsu. Sai a 2013 Ofishin Ɗa'ar Aikin Gwamnati ya sassauta. Ni dai ina tare da sassaucin, domin likitan da aka raba da 'yan'uwansa na sana'a iliminsa tsufa yake yi, marar lafiya ne kuma ke kwana a ciki.

4/ A nan Saudiyya maganar tana cikin kundin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati na 2016, ga kuma Nazaha, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, da aka kafa a 2011. A Najeriya sakin layi na farko ne a Jadawali na Biyar na tsarin mulkin 1999.

5/ Na gode da amsoshinku. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a Riyad ta kawo "raba ƙafa". 'Yar'uwa, kalmar tana da daɗi a baki, amma mai raba ƙafa da gangan yake yi don kada ya yi asara, wayo ne. Wani ya ce "rikicin muradi". Karanta wa dattijo wannan a bakin masallaci, zai tambaye ka su wa suka yi faɗa. "Cin amana" ma na ajiye ta, domin ta riga ta yanke hukunci.

6/ Wani malami daga Madina ya tuna mana hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Ya ba da shawarar "karon maslaha", tunda maslaha ta daɗe da zama tamu. Allah ya saka, Malam. Ta fi duk sauran kusa da Larabcin. Inda na tsaya shi ne, Bahaushe in ya ji maslaha, sulhu ne ke fara zuwa masa, kamar a ce "a nemi maslaha". Kuma ƙanena ba shi da wata riba a ƙungiyar, ko kuɗin mai ba a ba shi. Nauyi ne kawai aka ɗora masa.

7/ Shi ya sa nake ganin "karon amana". Amana biyu a hannun mutum ɗaya, suka yi karo. Na gwada ta a jimla: "Ina da karon amana a wannan kwangila, zan tsame hannuna." Takardar kuma ta zama "takardar bayyana karon amana". Na san inda ta gaza: wanda ke da hannun jari a kamfanin da yake ba kwangila, aljihunsa ne ya yi karo da amanarsa, can "karon maslaha" ta Malam ta fi zama daidai. To a bar su biyun, kowace da wurinta.

8/ Jiya bayan isha'i na faɗa wa Hajiya kalmar ba tare da wani bayani ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Taura biyu kenan. To in ranar ta zo, ya tashi ya ba wani kujerar."