Me za mu kira NCO da Hausa?

Mai fassara: Jama'a, sallama. A labaran soja ana yawan fassara NCO (non-commissioned officer, wato soja mai muƙami amma ba shi da kwamishan) da "ƙananan hafsoshi". Kunnena bai karɓa ba. Ko akwai kalmar da ta fi?

Malamin fareti: Malam, kunnenka ya yi gaskiya. Hafsa shi ne mai kwamishan, wato takardar naɗi da sunan shugaban ƙasa, kamar waɗanda NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ke yayewa. Ƙaramin hafsa kuwa laftanar ne ko kyaftin, mai tauraro a kafaɗa. Wanda kake nufi ta Depot, cibiyar horar da kurata ta Zariya, ya shigo yana kurtu, ya fito farabiti, hannun riga fayau. Igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. Sitaf saje ukun ce da mikiya a samanta. A bariki an daɗe ana cewa "masu igiya". Ita nake ba da shawara.

Ɗan Damagaram: Ta yi, amma a yi hattara in labarin Nijar ne. Tsarinmu na Faransa ne, *sous-officier*, wato NCO ɗinmu, daga sarjan yake farawa, sai sarjan-shef, ajudan, ajudan-shef, kuma makarantarsu tana Agadez. Kaporal yana da igiyarsa, amma cikin ƙananan sojoji ake lissafa shi. In ka ce "masu igiya" ka kwaso har da shi.

Malamin fareti: To sai a ce "manyan masu igiya", daga saje zuwa sama. A Nijeriya ma nan iyakar take, shi ya sa mes ɗin saje, wato wurin cin abincinsu da hutawarsu, daban yake, kofur ba ya zama a ciki.

Mai fassara: Samanja fa, Yallaɓai? Ai ban ga igiya a hannunsa ba.

Malamin fareti: Nan masu fassara suke tuntuɓe. Samanja kujera ce, ba muƙami ba. Muƙaminsa waran ofisa ne ko masta waran ofisa, tambari yake sawa, sai a naɗa shi samanjan kamfani ko na bataliya, mai riƙe da sandar fareti da ladabtar da kowa ƙasa da hafsa. Bataliya tana iya samun waran ofisa da yawa, samanjanta ɗaya ne. A bar musu sunansu, kada a cusa su cikin masu igiya.

Akawun bariki: Ƙarin girman nasu kuma a ce "ƙarin igiya". Ba shekaru kaɗai ke kawo shi ba. Sai ka cika wa'adin muƙaminka, ka ci kwas ɗin da ya dace, kwamanda ya ba da shaida, fayil ba laifi, sannan a sami gurbi. Gurbin nan shi ke tsayar da kofur shekara da shekaru ko da ya ci kwas. In aka rage wa mutum muƙami, a rubuta "an cire masa igiya", ba "an sauke shi" ba, don mai karatu zai zaci kora ce.