Tantanin ƙwaƙwalwa da ɗibar ruwan baya: me kuka gani a asibiti?

Wani mahaifi daga Gusau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A bazarar da ta wuce ɗana ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, likita ya ce yana zargin tantanin ƙwaƙwalwarsa ne ya kumbura, amma sai ya nemi izinina a ɗebi ruwa daga ƙasan bayansa. Na amince, yaron kuma ya warke, sai dai har yau ban gane abin da ya haɗa kai da ƙugu ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su faɗa mana abin da suka gani.

Ma'aikacin jinya mai ritaya, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. A bakin ma'aikatan asibiti, tantani shi ne duk wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe wani sashe na cikin jiki ta raba shi da maƙwabcinsa. Huhu yana da nasa, zuciya da hanji ma haka, kuma jariri a cikin nasa yake kwance har ranar da faya za ta fashe. Na ƙwaƙwalwa hawa uku ne. Na waje yana da kauri da tauri, yana manne da ƙoƙon kai ta ciki, likitoci suna kiransa dura. Na tsakiya yana da zaruruwa kamar saƙar gizo, na ciki kuwa ya manne da ƙwaƙwalwar yana bin kowane lungu nata, kuma tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe ne ruwa yake gudana.

Dukansu uku ba su tsaya a wuya ba, sun gangara cikin ƙashin baya suna lulluɓe da laka, saboda haka ruwan da aka ɗiba a ƙugu shi ne dai wanda ke zagaya ƙwaƙwalwa. Ita lakar a jikin babba tana ƙarewa ne daidai ƙashin ƙugu na ɗaya ko na biyu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta, tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar.

Na yi aiki a 1996, shekarar da sanƙarau, wato kumburin wannan tantani na ƙwaƙwalwa, ya kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, ya kashe fiye da dubu 11. Ruwan mai lafiya garai-garai yake fitowa, amma na yawancin waɗanda aka kawo mana a gurɓace yake, tun kafin a kai shi ɗakin gwaji mun san abin da ke gabanmu. Iyalai da yawa sun ƙi yarda, suna cewa duk wanda aka ɗebi ruwan bayansa ba ya tashi. A ganina dalilin wannan zargi shi ne, waɗanda cutar ta riga ta ci ƙarfinsu su ne aka fi yi wa gwajin, idan suka rasu sai a ɗora wa allura.

Wata uwa daga Maraɗi:
Baba, bayaninka ya warware mini wani abu. Da za a yi mini aikin haihuwa, a wannan wurin aka yi mini allurar kashe zafi, ƙafafuna suka mutu alhali ina farke ina jin maganar likitoci. Bayan kwana biyu sai ciwon kai ya taso mini, wanda idan na zauna yake tsananta, idan na kwanta kuma ya lafa. Ungozoma ta ce ruwa ne yake ɗan tsiyaya ta hudar da allura ta bari a tantanin waje, kuma cikin kwanaki kaɗan ya daina.

Ɗalibin likitanci, Zariya:
Hajiya, abin da aka faɗa miki daidai ne, shi ya sa ake zaɓar allura siririya sosai. Akwai kuma wata allurar da ake yi wa masu naƙuda wadda ake tsayar da ita a wajen dura ba tare da an huda shi ba. Ga masu tsoron ruwan zai ƙare, babban mutum yana ɗauke da kimanin mililita 150 ne, jiki kuma yana samar da kusan 500 a kowace rana yana tsotse tsohon, abin da ake ɗiba don gwaji bai wuce 'yan mililitoci ba. Sai dai a ɗakin yara na ga malaminmu ya jinkirta gwajin ga wata yarinya da ba ta cikin hayyacinta, domin alamu sun nuna matsin cikin kanta ya hau, kuma ɗibar ruwa a wannan yanayi tana da haɗari. Nan take aka fara yi mata allurar maganin ƙwayoyin cuta, ba a jira sakamakon komai ba.