Zaman Alkahira bayan ritaya: wa ya taɓa gwadawa?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Kun san bara na ajiye aiki bayan shekara 35, garatuti kuma ya fara fitowa. Yaron wajena da ke karatu a Azhar ya matsa in ɗauko mahaifiyarsa mu koma Alkahira da zama, ita a duba mata gwiwa, ni kuma in zauna gaban malamai in gyara tilawa. Tunanina in sayar da gidan Tumfure in bar na Jekadafari. Wanda ya san hanyar biza da unguwar da ta dace da dattijo ya taimaka.

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, Malam. Amma in dai za a bar gida, ba gara Madina ba?

Alhajin Pantami: Madina wa ya ƙi? Bizar Umara ba ta zama ba ce. Iƙamar da ake saye kuwa riyal 800,000 ce ta dindindin, ko 100,000 duk shekara. Wane ɗan fansho ke da wannan? Sauran sai zaman takari, ga furfura ga wasan ɓuya da askarawa.

Baban Walida: Allah ya kiyaye.

Kawu na Kumo: Malam, don Allah kada ka taɓa gidan nan. Ni na yi abin da kake shirin yi, wata goma sha huɗu na zauna a can, daga Janairun 2023, kuma filina na sayar na tafi. Bizar shiga ba ita ce wahalar ba. Ofishin jakadancin Masar yana Abuja, ka tabbata fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida, ka riƙe katin rigakafin shawara, jirgin EgyptAir kuma yana tashi daga Kano. Bayan ka sauka ne aikin yake farawa, domin biza kwanakinta ƙidayayyu ne, dole ka nemi iƙama a ofishin fasfo na Abbasiyya. Da can a Tahrir ake yi, aka mayar da shi can.

Ni da na je sau biyu na ga layi, ga sanyi, ga ciwon baya, sai aka haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu wai ya san kan wurin. Na ba shi fasfona da na mai ɗakina, na haɗa da kuɗi. Yau ya ce bukra, wato gobe, gobe ma bukra, wata biyar fasfo yana hannun wani. Ba na iya canjin kuɗi a banki, in na hango shingen 'yan sanda gabana ya faɗi. Da ƙyar ɗalibai suka taru suka karɓo mini, ko hatimi ɗaya babu a ciki, biza kuwa ta daɗe da mutuwa. Ana cikin haka gwamnatinsu ta fito da doka a 2023 cewa baƙon da ke zaune ba takarda sai ya biya dala 1,000 kafin a daidaita masa zama, ya kuma kawo ɗan ƙasa da zai tsaya masa. Mu biyu ne, ka yi lissafi.

Sai maganar canji. Lokacin da na tafi wajen naira 750 nake sayen dala a hannun 'yan canji, kafin in dawo ta haura 1,500. Fansho kuwa yana nan yadda na bar shi. Haya ma ta tashi bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane suka kwararo, mai gida ya ce ko in ƙara ko in tashi. Kuɗin fili ya narke a haya da tara, na dawo Kumo ba fili ba iƙama. Ƙasar ba ta yi mini laifi ba, karatun da na samu a zaurukan masallacin Azhar har gobe ina cin moriyarsa. Amma fasfonka kada ya kwana a hannun kowa, ka je da ƙafarka ko da kujera za ka riƙa.

Tsohon Hedimasta: Innalillahi. Kawu, ban taɓa jin wannan labarin ba.

Kawu na Kumo: Ba abin da ake so a faɗa ba ne. Don kai ne.

Goggon Yara: Duk kuna ta biza da dala, an tambayi Hajiya kuwa? Ku maza kuna da masallaci da majalisa. Ita a rufe ta a bene hawa na shida, ba biki ba suna, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Wata biyu na yi jinyar yayata a Madinatu Nasr, na san abin da nake faɗa. In za ku kama gida ku fara duba ko akwai lif, kuma yana aiki. Mai ciwon gwiwa da matakala ba sa shiri.

Tsohon Hedimasta: Gaskiya ne Goggo. Ta ce duk inda na sa ƙafa nan za ta sa.

Goggon Yara: Haka za ta ce mana. A tura ƙanwarta ta tambaye ta a ɗaki.

Ɗan Autan Zaure: Baba Hedimasta, barka da yamma. Shekara shida na yi a can. Mutanenmu sun fi yawa a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir, can za ku ji Hausa a kan titi, amma akwai cunkoso da hayaniya. In kun kama gida ku sa a rubuta yarjejeniyar haya a kai ta shaharul aƙari, wato ofishin rajistar takardu, a buga mata hatimi, ana neman ta wajen iƙama. Dillali simsar suke ce masa, a yi ciniki da shi kafin ya buɗe muku ƙofa. Ofisoshi ba sa aiki Juma'a, da yawansu har da Asabar. Larabcin littafi kuma ba shi ne na kasuwa ba, jimi ma "ga" suke furta shi.

Ba'arin Bolari: Ni tambayata ɗaya, Bafulatani zai iya wata uku bai ga saniya ba?

Tsohon Hedimasta: Bawana, kai zan bar wa kiwon ai, aikinka ne tun kaka da kakanni.

Ba'arin Bolari: Ka dawo ka tarar na mayar da su kilishi.

Goggon Yara: A tafi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Daddawar a naɗe ta leda uku. Wake da burodin nan nasu sati ɗaya za ka yi ka fara mafarkin tuwo.

Baban Walida: In kun je dai a kai Hajiya Giza ta ga dalar Fir'auna, da masallacin Amru bin Asi, da kabarin Imamu Shafi'i. Sannan a je a ga gawar Fir'aunan Annabi Musa, aya ce.

Alhajin Pantami: A yi hattara da wannan magana. Gawarwakin sarakunan suna nan, a 2021 aka kwashe su daga Tahrir zuwa sabon gidan tarihi na Fustat, har da Ramsis na biyu. Amma Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan ba, masana ma sun saɓa.

Baban Walida: Alhaji, a wa'azi na ji da kunnena.

Alhajin Pantami: Ni ma na ji. Jin ba ya mayar da shi nassi.

Baban Walida: To kai da ka fi malamai sani.

Shugaban Zaure: Alhazai, a sassauta. Malam gida ya tambaya, ba tafsiri ba.

Kawu na Kumo: Malam, ka sa ɗan haya a gidan Tumfure, ka je gwaji wata uku, kuma ka sa Disamba da Janairu a ciki. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da rana ke fitowa a ji daɗi, ɗaki ne ke zama kamar randa. In gwiwar Hajiya ta jure, sai a yi dogon lissafi.

Ɗan Autan Zaure: Kuma Baba a bar lambar wayar da ke haɗe da banki tana aiki, in ta mutu fitar da fansho daga can ya zama aiki.

Alhajin Pantami: Af, ka tuna mini. In aka kira tantancewar 'yan fansho kana Masar fa? Ba a aike, da kanka ake son ganinka.

Baban Walida: Wai an sa ranar ta bana ne?

Shugaban Zaure: Ba a sa ba tukuna. Masu bashin kuɗin zumunci na watan jiya mutum tara ne, kada in fara kiran suna.

Ba'arin Bolari: Fara da Bafulatanin, kafin ya hau jirgi.